Yadda madaba'ar karkara za ta kai aikinta ƙetare: haɗin gwiwa tukuna, saye daga baya

Ga mai madaba'a a Gumel, Babura ko Ɗambatta, ƙasar wajen da ta fi kusa ita ce Nijar. Maigatari tana bakin iyaka, kasuwarta ta Alhamis cike take da mutanen Damagaram da kewaye, kuma abin da ake bugawa nan shi ake nema can: katin biki, rasit, kalanda, fosta, littattafan Islamiyya. A 2025 ma Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Kasuwa dai akwai ta, sai dai hanyar shigarta ce ke karya mutane, musamman masu gaggawar sayen wuri kafin su san garin.

Manyan kamfanonin ɗab'i ma ta hannun kamfanonin da suke can suke shiga. Cimpress, mai kamfanin ɗab'i ta intanet Vistaprint, ya sayi Printdeal na Holan da Pixartprinting na Italiya a 2014, ya sayi kashi 70 cikin ɗari na Exagroup na Faransa a 2015, sannan WIRmachenDRUCK na Jamus a 2016. Ya bar musu sunayensu, domin sunan ne kwastomomi suka sani. Wannan dabarar tana aiki ko da injinka GTO ɗaya ne da Kord, wato ƙananan injinan buga takarda na kamfanin Heidelberg.

Ka fara da abokin hulɗa wanda yake da shago da jama'a a can. Hulɗar iri biyu ce: ko ya tara oda kai ka buga ka aika, ko ka tura masa fayil ya buga a wurinsa ku raba riba. Nauyin takarda ne zai zaɓa maka. Rim ɗin A4 mai giram 80 kilo biyu da rabi ne, amma kalanda 5,000 girman A2 a takarda mai giram 150 ta haura kilo 187, ban da ƙarfen baki da kwali. Ƙananan ayyuka masu tsada su suka cancanci hawa mota. Masu nauyi da arha gara a buga su inda za a raba su.

Fayil shi ne inda aka fi yin asara. Ka tura PDF a launin CMYK (launuka huɗu na tawadar inji), hotuna a 300 dpi (ma'aunin kaifin hoto), da rarar milimita 3 a kowane gefe saboda yanka. Idan a CorelDraw ka tsara, ka mayar da rubutun zane kafin ka tura, in ba haka ba kwamfutar da ba ta da irin haruffanka za ta mayar da ɓ, ɗ, ƙ akwatuna, ta kuma cinye é da ç na Faransanci. Ka lura kuma Nijar tana rubuta ƴ inda mu muke rubuta 'y. Littafin makaranta da aka buga da tsarinmu zai iya dawowa gaba ɗaya. Kada a ƙona faranti, wato a ɗora aikin a kan farantin da inji yake bugawa da shi, sai mai aikin ya amince da samfur a rubuce, ko da ta WhatsApp ne, kuma kowane ɓangare ya riƙe kwafi ɗaya da aka sa wa hannu, tunda tawada da takarda daban suna fitar da launi daban daga fayil guda.

Kuɗi kuwa, sefa a ɗaure take da yuro (655.957 kan yuro ɗaya), naira tana hawa da sauka. Ka sa wa farashinka wa'adin mako ɗaya ko biyu, ka karɓi kafin alƙalami da zai isa sayen takarda da faranti, ka saye su ranar. Yarjejeniya ta fayyace wanda zai ɗauki asarar aikin da ya lalace da kuɗin mota da na kwastam. Fitar da kaya bisa ƙa'ida yana buƙatar rajista da NEPC, hukumar bunƙasa fitar da kaya ta Najeriya, da cike fom ɗin fitar da kaya na NXP ta banki. Nijar ta fita daga ECOWAS a Janairun 2025, don haka ka tambayi wakilin kwastam harajin da ake karɓa yanzu kafin ka yanke farashi.

Dalilin sayen madaba'a a can ya fito fili bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, lokacin da aka rufe iyaka har Najeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris 2024. Wanda duk injinansa suke gefe ɗaya, kasuwarsa ta tsaya. Amma kada ka taya madaba'ar abokin hulɗarka sai kun shekara kuna aiki tare, ka ga damina da rani, ka ga yadda yake biyan bashi.

Idan ka sayi hannun jari, ka gaji bashin kamfanin duka. Idan injina da suna kaɗai ka saya, bashin yana wuyan mai shi. Nijar tana bin dokar kasuwanci ta OHADA, wadda wasu ƙasashen Afirka suka haɗu a kanta, saboda haka ka ɗauki lauyan can ya duba rajistar kasuwanci ta RCCM, lambar haraji ta NIF, bashin haraji, kuɗin fanshon ma'aikata na hukumar CNSS da takardar hayar shago. In wurin na gado ne, kowane magaji ya sa hannu. Ka nemi rasit na shekara biyu. Idan rabin cinikin daga mutum ɗaya ne, ko daga kakar aiki guda, farashin ya sauka.

Inji kuma ka je da makanikinka. A buga launi ɗaya cike da takarda: zane-zane ko dishi-dishi suna nuna rola ta ƙare ko silinda ya lotsa. A sake mayar da takardar cikin injin a buga a kanta, in rubutun ya fito biyu-biyu, haƙoran da ke kama takarda sun saki. Ka tambayi inda suke samun kayan gyara, domin tsofaffin Heidelberg sau da yawa na hannu ake sa musu.

Ka fara da wani kaso, ka rubuta haƙƙin sayen sauran a farashin da aka tsayar. Biya ya zama kashi uku, na ƙarshe bayan shekara, in manyan kwastomomi ba su gudu ba. A sa a takarda cewa tsohon mai wurin zai zauna shekara ɗaya ko biyu kuma ba zai buɗe wata madaba'a a garin ba. Mai sarrafa injin kuma ka zauna da shi shi kaɗai ku daidaita albashi kafin ka biya kashin farko.