Kafin ki yi odar riga ta waya

Salamu alaikum 'yan uwa. Duk mai shirin odar abaya ko doguwar riga ta intanet kafin Sallah, ga abin da na koya.

Wasu manhajojin sayayya yanzu suna zana miki mutum-mutumi a waya daidai siffar jikinki, ki sa masa rigar ki gani kafin ki biya. Sai dai awon da kika ba shi kawai ya sani. Ni da ka na cika nawa, rigar ta iso tashar Ringim, na sa, hannu ya tsaya mini a gwiwar hannu. Ƙanwata ce ta ci riba.

Ki sa mai ɗinkinki ta auna ki da tef: tsayi, kafaɗa, ƙirji, ƙugu, hannu. Telolinmu da inci suke awo, manhajar kuwa galibi santimita take nema. Inci 1 santimita 2.54 ne, wato kafaɗa 15 ta koma 38.

Manhajar da ta nace sai hotonki, ni dai wucewa nake.

Yadi kuma ba ya taɓuwa a waya. Ki tambayi mai kayan ko auduga ce, kin san zafin bazararmu.