Darasi na Tara: Auna Kamfanin Mazubin Abinci Mai Ruɓewa Kafin a Zuba Jari

A wannan darasi za mu koyi yadda mai ɗan abin hannu, wanda ya tara kuɗinsa ta hanyar adashi ko kiwo ko albashi, zai auna kamfanin da ke ƙera mazuban abinci masu ruɓewa kafin ya sayi hannun jarinsa. Mazubi mai ruɓewa shi ne kwano ko kofi ko cokali ko jaka da aka yi da kayan tsiro, kamar tuƙar rake ko sitacin rogo da na masara ko takarda, wanda idan aka yar da shi zai ruɓe ya koma ƙasa, saɓanin leda da roba waɗanda kan daɗe ƙwarai ba su lalace ba.

Dalilin da ya sa sana'ar ta ja hankali

Babu wanda zai yi musu a kan ɓarnar leda. Da damina ita ce ke toshe kwatoci har ruwa ya shiga gidaje, kuma mahauta sukan farke tumbin saniya ko na akuya su tarar da ƙullin leda ya cushe a ciki, dabbar ta rame tun tana da rai. Saboda irin wannan ne gwamnatoci suka shiga kafa doka. Ruwanda ta hana jakar leda a 2008, Kenya ta bi sahu a 2017, ƙasashen Tarayyar Turai suka hana wasu kayan roba na amfani sau ɗaya daga watan Yuli na 2021, Indiya kuma daga Yuli na 2022. A Nijeriya, gwamnatin Jihar Legas ta haramta farin mazubin nan mai kama da soso da ake kira tekawe a watan Janairu na 2024, sannan daga 1 ga Yuli 2025 ta fara aiwatar da hani a kan siraran leda da kofuna da cokulan roba, ko da yake ba ta haɗa da ledar fiya wata da gorar ruwa ba.

Wanda ya ji wannan zai iya cewa kasuwa ta buɗe, duk kamfanin da ya shiga cikinta sai ya kwashi riba. A nan ne masu ƙaramin jari da yawa suke zamewa, domin amfanin kaya ga jama'a daban, ribar kamfanin da ke yin kayan daban.

Abin da ya faru da wani kamfani a Amurka

Danimer Scientific kamfani ne da ke da hedikwata a Jihar Jojiya ta Amurka, wanda ke ciyar da wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani man wani tsiro su samar da wata irin roba mai ruɓewa da ake yin tsinken shan lemo da cokula da ledar kunshe abinci da ita. Ya shiga kasuwar hannun jari ta Niyok a watan Disamba na 2020, yana da yarjejeniyar aiki da manyan kamfanoni irin su PepsiCo da Nestlé. Hannun jarin da asalinsa dala 10 ne ya haura dala 60 a watan Fabrairu na 2021, domin jama'a sun yi rububin saye bisa tsammanin cewa duniya ta juya wa roba baya. Ba a daɗe ba aka fara tuhumar ko kayan suna ruɓewa da saurin da ake faɗa, farashin ya kama gangara. Kamfanin ya ci bashi mai yawa don faɗaɗa masana'antarsa, cinikin da yake yi bai kai ya cike ƙarfin injinan ba, kowace shekara kuma hasara yake bayyanawa, har a watan Maris na 2025 ya shigar da takardar karyewa a gaban kotu.

Ku lura da cewa kamfanin ba na bogi ba ne. Yana da masana'anta da ma'aikata da kaya na zahiri da abokan hulɗa sanannu, amma duk da haka wanda ya saya a kan dala 60 ya riƙe har ƙarshe ya tashi kusan babu komai. Dalili shi ne idan kamfani ya karye, masu bin sa bashi ake fara biya daga abin da aka sayar na kadarorinsa, masu hannun jari su ne na ƙarshe a layi, kuma sau da yawa tukunya ta riga ta ƙare kafin a kai kansu.

Lissafi na farko: wa zai sayi mazubin?

Alƙaluman da ke tafe na misali ne domin koyon lissafi, ba farashin wata kasuwa ba ne. A ɗauka wata mai abinci tana sayar da shinkafa da miya kwano 100 a rana, tana zubawa a robar da ta sayo naira 50 kowace ɗaya, sai aka kawo mata mazubin tuƙar rake a kan naira 120. Bambancin naira 70 ne a kowane kwano, wato naira 7,000 a rana, wanda ya kama naira 210,000 a cikin kwana 30. Wannan kuɗi ko dai ya fita daga ribarta, ko ta ɗora shi a kan masu saye, su kuwa suna iya komawa wurin maƙwabciyarta da ba ta ƙara komai ba. Don haka ba za ta canza mazubi don kishin muhalli kawai ba, sai idan doka ta tilasta mata ita da maƙwabciyarta gaba ɗaya, ko kuma idan masu sayen abincinta irin mutanen da naira 70 ba ta dame su ba ne.

Wannan ya nuna muku tambayar da ta fi kowace nauyi: su wane ne masu sayen kayan kamfanin a yau, ba waɗanda ake sa ran za su saya gobe ba? Otal-otal da manyan gidajen abinci da masu dafa abincin jiragen sama da masu sayarwa ƙasashen waje suna iya biyan tsada, amma yawansu ƙayyadadde ne. Kasuwar masu tuwo da alale da awara ita ce babba, ita ce kuma ta fi wahalar shiga. Haka nan doka a takarda daban, aiwatar da ita daban, kuma dokar Legas ba ta aiki a Kano ko Sakkwato. Ko a inda aka hana tekawe mai soso, abin da mai abinci ya fi saurin komawa gare shi shi ne wata robar da dokar ba ta shafa ba, idan ta fi araha. Idan kamfani ya ce ya ƙulla yarjejeniya da wani babban mai saye, a nemi sanin ko odar kaya ce da aka biya kuɗinta ko takardar nuna sha'awa ce kawai.

Lissafi na biyu: nawa masana'antar ke ci?

Kowace masana'anta tana da kashe-kashe iri biyu. Akwai wanda ba ya canzawa ko an yi aiki ko ba a yi ba, kamar haya da albashi da biyan bashin injina, akwai kuma wanda ke tafiya da yawan kaya, kamar ɗanyen kaya da wuta da dako. A ɗauka kashin farko naira miliyan 12 ne a wata, ana sayar da mazubi ɗaya naira 100, kayan da ya ci kuma naira 70, saura naira 30. Idan aka raba miliyan 12 da 30, za a ga dole ne a sayar da guda 400,000 a wata kafin a fita daga hasara. Idan guda 250,000 kawai aka sayar, abin da ya saura bayan an cire kuɗin kayan da aka ci naira miliyan 7.5 ne, hasarar wata ta zama miliyan 4.5, ko da kuwa injinan suna iya buga miliyan guda. Saboda haka idan mai tallar jari ya ce muku masana'antarsu tana iya yin kaza, ku tambaye shi nawa ta sayar a watan jiya.

Yanzu a ce ɗanyen kayan ya tashi zuwa naira 80, saura ya koma naira 20, adadin da za a sayar kafin a tsira ya zama 600,000. Irin wannan tashi ba abin mamaki ba ne ga kamfanin da ke sayo kayansa da dala, domin kafin Yuni na 2023 farashin dala a hukumance bai kai naira 500 ba, amma a 2024 ya haura 1,500. Kamfanin da ke samun kayansa a gida ya fi samun sauƙi ta wannan fuska, tun da Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa noman rogo a duniya, sai dai rogon abinci ne, masu gari da alabo suna neman sa, farashinsa yana hawa da sauka. Buga kwanon tuƙar rake kuma aiki ne mai cin wuta ƙwarai saboda matsewa da busarwa da zafi, don haka masana'antar da ta dogara da janareta da man dizal tana ɗauke da nauyin da takwararta ta Sin ko Indiya ba ta ɗauke da shi, ga shi kuma kayan waɗannan ƙasashe suna shigowa kasuwa ɗaya da nata. A duba bashin da ke kan kamfanin da kuɗin ruwan da yake biya, wanda ga mai kiyaye hukuncin kuɗin ruwa a addini tambaya ce ta daban da ya kamata ya kai wa malami.

Shin kayan suna ruɓewa kuwa?

Ba duk abin da aka rubuta wa mai ruɓewa ne ke ruɓewa a bola ba. Robar da ake yi da sitacin masara tana buƙatar wurin haɗa taki na musamman mai zafin kusan digiri 60 da laima, idan kuwa aka jefa ta a kwata za ta daɗe tana nan. Akwai kuma leda ta yau da kullum da ake zuba wa sinadari don ta farfashe ƙanana, wadda Tarayyar Turai ta haramta. Mai jari zai iya yin gwaji da hannunsa: ya zuba miya mai zafi da mai a mazubin ya bar ta awa ɗaya ya ga ko za ta jiƙa gindin, sannan ya binne wani a ƙasa mai laima ya tono bayan wata biyu. Mazubin da ya yoyo a hannun mai saye ba za a sake sayen sa ba.

Rajista da hanyar fita

Ba a cinikin biri a sama. Kamfanin gaskiya a Nijeriya yana da rajista da Hukumar CAC mai yi wa kamfanoni rajista, kuma idan yana neman kuɗin jama'a dole ne Hukumar SEC mai sa ido a kan harkar hannun jari ta amince da tayin. Hannun jarin da ke NGX, wato kasuwar hannun jari ta Nijeriya, ana sayen sa ta hannun dillali mai lasisi, ana kuma iya sayar da shi idan buƙata ta taso, amma na kamfanin da ba ya kasuwa yana iya maƙalewa shekaru babu mai saye, don haka a tambayi hanyar fita tun kafin a shiga. A nemi rahoton kuɗi na shekara uku da akanta mai zaman kansa ya tantance, wanda bai iya karanta shi ba ya kai wa wanda ya iya kuma ba shi da kamasho a cinikin. Hannun jari ba ya zuwa da tabbacin riba, saboda haka duk wanda ya yi alƙawarin kashi kaza kowane wata, ko ya ce a kawo mutane a samu lada, tafarkin tsare-tsaren damfara irin su MMM da ya rushe a 2016 da CBEX da ya rushe a 2025 ya bi, ko da ya sa hoton ganye a takardarsa. Kuɗin abinci da na makaranta da na magani ba sa shiga irin wannan jari, wanda zai shiga ma a raba shi, kada a zuba shi wuri guda.

Aikin aji

Kowane ɗalibi ya je wurin mai abinci guda a unguwarsu ya tambayi farashin mazubin da take amfani da shi da yawan da take ƙararwa a rana, sannan ya lissafa abin da za ta ƙara kashewa a wata idan farashin ya ninka. Bayan haka a koma lissafi na biyu a gano guda nawa masana'antar za ta sayar kafin ta tsira idan kayan waje suka tilasta mata rage farashi zuwa naira 90, kayan da mazubi ya ci kuma suna nan a naira 70. A kawo amsoshin a rubuce a zama na gaba.