Ajiye babur a hunturun Kanada: kurakuran da na gaji da gani

Duk shekara da watan Afrilu ya kama, dusar ƙanƙara ta fara narkewa a nan Winnipeg, ƙorafin da ake kawo mini ɗaya ne: "Malam, babur ɗina ya ƙi tashi, alhali lafiyarsa ƙalau na ajiye shi." Galibin masu kawo ƙorafin 'yan'uwanmu ne da suka zo daga gida, mutanen da suka tashi a kan Jincheng da Boxer, wasunsu ma suna iya kwance inji su mayar. Babur dai sun san shi. Abin da ba su saba da shi ba shi ne ajiya. A gida babur ba ya kwana uku bai taka titi ba, nan kuwa daga ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba har zuwa Afrilu yana kafe wuri ɗaya, a garin da sanyi kan kai digiri 30 ƙasa da sifili.

Zan fara da wanda ya fi ba ni haushi, domin masu yin sa gani suke yi kulawa ce. Wato ɗabi'ar shiga gareji duk ƙarshen mako a tayar da babur, a bar shi a silo minti biyar ko goma "don inji ya ɗumama", sannan a kashe. Don Allah ku daina. Duk litar fetur da inji ya ƙona tana fitar da ruwa kusan lita guda, a matsayin tururi. Idan kana tafiya a kan titi injin ya yi zafi sosai, tururin nan ta salansa yake fita ya kama gabansa. Amma injin da aka tayar cikin sanyin Janairu aka kashe bayan minti biyar, ƙarfensa bai gama yin zafi ba, sai tururin ya koma ruwa ya kwanta a cikin salansa, wani kuma ya gangara ya haɗu da baƙin mai. Ka buɗe murfin baƙin mai ka ga wani farin abu kamar kindirmo a jikinsa, to shi ke nan, aikin ɗumamawarka ne. Salansa kuma daga ciki take fara tsatsa, ba za ka gani ba sai ranar da ta huje.

Wasu sukan ce ai don batir suke yi. Nan ma asara ce. Wutar da sitata ke ja kafin ta juya inji mai sanyi, wanda mansa ya yi kauri, ta fi wadda silon minti biyar zai mayar. Kullum kana ɗiba da cokali babba kana mayarwa da ƙarami. Sannan ga haɗarin da ya fi duka: tayar da inji a rufaffen gareji, musamman wanda ke manne da gida. Iskar da ke kisa a cikin hayaƙin ba ta da wari ba ta da launi, kuma mu da muka sha jin labarin iyalan da hayaƙin janareto ya hallaka cikin dare bai kamata a ja mana kunne sau biyu ba. Ƙa'idata ita ce, idan ba zan hau shi in yi tafiyar aƙalla minti ashirin zuwa talatin ba, ba na taɓa makullin. Tun da kuwa ba mai hawa babur a kan ƙanƙara, daga ranar ajiya sai ranar fitarwa.

Na biyu fetur, kuma shi ne ya taɓa ci mini kuɗi har yau ina jin zafinsa. Wani tsohon babur na saya, mai silinda huɗu da kabureta huɗu, na ajiye shi da ɗan ragowar mai a tanki, wai in bazara ta zo sai in cika da sabo. Da bazarar ta zo, silinda biyu kaɗai ke amsawa, sai na riƙe cok yake zama. Da aka kwance, ƙananan ramukan da mai ke bi a silo duk sun toshe da wani ɗanko mai kama da ƙaro, cikin tanki kuma ya yi ja da tsatsa. A nan ba kamar gida ba ne da za ka tura wa bakanike ya hure maka kabureta a gindin bishiya ka ba shi na goro. Awa ake lissafawa, kuma a Afrilu kowa ya kawo nasa, sai ka bi layi na makonni kana kallon mutane suna wucewa a kan nasu.

Dalilin a fili yake. Fetur ɗin da ake sayarwa a yawancin gidajen mai a Kanada da Amurka yana ɗauke da sinadarin itanol, sau da yawa har kashi 10 cikin ɗari, shi ne ake kira E10. Ingila ma tun watan Satumba na 2021 shi ne fetur ɗinsu na yau da kullum. Itanol yana jan danshi daga iska. Idan ruwan ya yi yawa, sai su haɗu su rabu da fetur su kwanta a ƙasan tanki, daidai inda babur ke zuƙar mai. Tankin da ba a cika ba kuma, sararin da ke samansa iska ce, da zafi da sanyi suna canzawa sai ta yi gumi a jikin ƙarfe. Shi kansa fetur in ya daɗe, sassansa masu saurin kamawa su ne ke fara tashi, su bar ɗanko.

Abin da nake yi yanzu: ranar hawan ƙarshe nakan tafi gidan mai da kwalbar maganin hana fetur lalacewa, irin su Sta-Bil, in zuba gwargwadon abin da aka rubuta a jikin kwalbar, sannan in cika tanki. A gidan man nake zubawa, don tafiyar komawa gida ta kai maganin ko'ina. Idan na samu fetur marar itanol shi nake saye ko da ya fi tsada, amma ka karanta jikin famfo, kada ka ɗauka duk mai tsada ba shi da shi. Idan babur mai kabureta ne, sai in rufe famfon mai, in sassauta ɗan sukurun da ke ƙasan kowace kabureta in tsiyaye abin da ke ciki. Akwai masu cewa a bar ta cike da man da aka sa wa magani don kada robobin ciki su bushe. Na ji hujjarsu, ni dai tsiyayewa nake yi. Masu sababbin babura da ke fesa mai da na'ura, cika tanki da maganin sun wadatar.

Sai batir. Wanda ya cika da caji yana nuna bolt 12.6 zuwa 12.8, kuma ruwan cikinsa ba ya daskarewa sai wajen digiri 60 ƙasa da sifili. Wanda ya mutu kuwa, ruwan cikinsa ya kusa zama ruwa zalla, wajen digiri 7 ƙasa da sifili ma sai ya daskare ya fasa gidansa. Babur ko a kashe yake, agogo da na'urar ƙararrawa suna shan wuta a hankali. Ni cire shi nake yi, in fara kwance wayar baƙi kafin ja, in shigar da shi gida in jona shi da cajar da ke tsayawa da kanta idan ya cika. Kada ka ɗauko babbar cajar mota ka jona ka manta, dafa shi za ta yi. Wanda batirinsa na litiyam ne ya nemi cajar da aka yi dominsa, kuma kada ya yi masa caji a wurin da sanyi ya kai ƙasa da sifili.

Yanzu bari in yi faɗa kaɗan a kan juye. Wace irin dabara ce a ce "in bazara ta zo na yi juye"? Tsohon baƙin mai cike yake da datti da tsami daga ƙonewar fetur, shi za ka bari ya kwana wata biyar a kan ƙarafan injinka? A yi juye kafin ajiya, a canza matatar mai, inji na da ɗumi. Kuma a sayi man babur, mai alamar JASO MA ko MA2 a jikin galan. Yawancin babura kulocinsu a cikin man inji yake wanka, man mota na zamani kuwa yakan sa shi santsi. Na sha ganin wanda ya zuba ragowar man motarsa don tsimi, ya dawo yana cewa kuloci na zamewa.

Babur mai lagireto, a tabbata ruwan cikinsa haɗin rabi da rabi ne da maganin hana daskarewa, wanda ke jurewa har wajen digiri 37 ƙasa da sifili. Wanda ya saba ƙara ruwan famfo kamar yadda ake yi a gida, ƙanƙara za ta fasa masa inji, kuma wannan ba gyaran ƙaramin kuɗi ba ne.

Sauran ƙanana ne. Idan hawan ƙarshe ya riski lokacin da aka fara watsa gishiri a titi, a wanke babur da ruwan sanyi, ruwan zafi ƙara wa gishiri ƙarfi yake yi, a bar shi ya bushe sarai. A wanke sarƙa a shafa mata mai. A cika iskar taya, a kafe shi a jak na tsakiya in yana da shi, in babu a riƙa ɗan gangara shi lokaci-lokaci. Kada a lulluɓe shi da tamfol ko leda, gumi suke tarawa. Tsohon zanen gado ya fi su in a cikin gareji ne. Ɓeraye kuma suna son ɗakin matatar iska da bakin salansa, har wayoyi suke ci. Nakan toshe da soson ƙarfe, in ɗaura jan ƙyalle a hannun babur don in tuna.

Maganar takardu, kowa ya binciki dokar inda yake. A Jamus akwai lambar da ake bayarwa ta wasu watanni kawai, misali daga wata na 4 zuwa na 10, kuma a wajen waɗannan watanni ko ajiye babur a gefen titin gwamnati ba a yarda ba. A lardin Kwibek na nan Kanada dokar sa tayoyin hunturu, daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris, ta haɗa har da babura. Kafin ka soke inshora gaba ɗaya don rage kashe kuɗi, ka tambaya ko akwai ta ajiya wadda ta rufe sata da gobara, domin ɓarawo ba ya hutun hunturu.

Ranar fitarwa ma akwai masu gaggawa. A cire soson ƙarfen nan, a mayar da batir, ja kafin baƙi, a gwada iskar taya, a matsa birki gaba da baya tun babur na tsaye. Man birki yana shan danshi, in ya kai shekara biyu a canza shi. Makonnin farko kuma a bi kwana a hankali: yashin da aka watsa wa titi duk tsawon hunturu yana nan a tare a bakin hanya har sai motocin shara sun zagayo, direbobin mota kuma sun yi wata biyar ba su ga babur a madubinsu ba.