Yadda ake tura takardar ofis ta imel ba tare da an ji kunya ba, da ɗan bayani kan faks

Yawancin sabbin ma'aikatan da nake gani suna shan wuya da imel a ofis ba rubutun ne matsalarsu ba, sun iya rubutu sarai, wasu ma sun fi ogansu iya tsara magana. Inda ake faɗuwa shi ne wa aka tura wa da kuma me aka haɗa da saƙon. Don haka ba zan tsaya koya maka buɗe akwati ko sa kalmar sirri ba, na ɗauka ka wuce nan.

Da farko dai aikin ofis da adireshin ofis ake yin sa, wato wanda sunan kamfani ke biye da alamar @. Na san ƙananan kamfanoni na gudun kuɗin da ake biya duk wata na Google Workspace ko Microsoft 365, sai kowa ya riƙa amfani da imel ɗinsa na kansa, toh ranar da ma'aikaci ya bar aiki sai ya tafi da duk takardun kwastomomi a akwatinsa, ba mai ikon cewa ya dawo da su. A biya kawai, ya fi sauƙi.

Sai tsarin rubutun. Ni ƙa'idata ita ce daga ƙasa ake farawa a yi sama: ka fara maƙala fayil, sannan ka rubuta saƙon, sannan take, adireshin mai karɓa shi ne na ƙarshe. Dalili kuwa, saƙon da babu adireshi a kansa ko hannunka ya zame ka danna tura ba inda za shi. Taken kuma ya faɗi abin da ke ciki, kamar "Takardar neman biyan kuɗi ta watan Maris", ba "Salam" ko "Gaggawa" ba, domin bayan wata shida da wannan taken za a nemo saƙon.

Fayil ɗin, in ba so kake a yi gyara a ciki ba, ka mayar da shi PDF. Tun 1993 kamfanin Adobe ya fito da shi don takarda ta fito iri ɗaya a kowace kwamfuta, shi kuwa Word yana iya buɗewa a wani wuri layuka sun goce, tebur ya karkace, ga kuma gyare-gyare da sharhin da abokan aikinka suka bari a gefe duk mai karɓa zai iya gani. Excel ma haka, akwai shafukan da ake ɓoyewa a manta da su, wanda ya san kan abin dannawa biyu zai yi ya buɗe. Ka kula da nauyi kuma. Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce megabait 25, Outlook sau da yawa a 20 yake tsayawa, sannan fayil na ƙara kumbura da kusan kashi ɗaya bisa uku a hanyar tura shi, shi ya sa za ka ga abu mai megabait 19 an dawo maka da shi kana mamaki. In ya yi nauyi ka ɗora a Google Drive ko OneDrive ka tura mahaɗin, amma ka duba ka ba mutumin izinin buɗewa. Bayan ka maƙala, ka buɗe shi daga cikin saƙon ka gani da idonka cewa shi ne, ba na makon jiya ba.

Yanzu ga inda nake so ka nutsu, gidajen nan uku na sama, To da CC da BCC. Gidan farko na wanda ake so ya yi wani abu ne a kan saƙon. CC na wanda ake so ya sani kawai. BCC ma kwafi ne, sai dai sauran masu karɓa ba sa ganin wanda aka sa a cikinsa. In ka jera mutum shida a gidan farko kowa zai ɗauka ɗayan ne zai amsa, a ƙarshe ba wanda zai motsa. Mutum ɗaya, in ya yi yawa biyu, kuma ka ambaci sunansa a layin farko ka faɗi abin da kake so da ranar da kake so.

CC kuwa kowa na ganin kowa a cikinsa, wannan shi ne abin da sabbin hannu ba sa riƙewa. Za a ce wa yaro ya tura sanarwa ga duk kwastomomi, sai ya kwaso adireshi ɗari biyu ya zuba a CC, shi ke nan kowane kwastoma ya ga jerin sauran, har da waɗanda ke gasa da juna a kasuwa, har da wanda bai so a san yana hulɗa da ku ba. Sai kuma mutum ɗaya ya danna Reply All, wato maɓallin amsa wa kowa, ya rubuta ƙorafinsa, ya tafi wa duk ɗari biyun, wani ya amsa a cire shi, wani ya amsa masa, wuni guda ana abu ɗaya. Kuma ba kunya kaɗai ba ce, in kuna da kwastomomi a Turai dokarsu ta kare bayanai, GDPR, da ta fara aiki a 2018 tana iya ɗaukar wannan a matsayin fallasa bayanan mutane. Sanarwa ga mutanen da ba su san juna ba a BCC ake zuba su, ka sa adireshinka a gidan farko.

Amma BCC ma yana da nasa tarkon. Kar ka sa oga a BCC don ya ga abin da ka rubuta wa wani a ɓoye, domin in ya danna Reply All amsarsa za ta je wa mutumin, asiri ya tonu, an san kana kai rahoto ta bayan fage. Ka tura saƙon, sannan ka tura wa oga kwafinsa daban.

Ka kuma lura da sunan da kwamfuta ke cike maka da kanta da zarar ka buga harafi biyu. Mutum biyu masu suna ɗaya, ɗaya a ofishinku ɗaya a wani kamfani, nan ne takardar albashi ke fita waje. Ka karanta adireshin har ƙarshensa. Magana zarar bunu ce, imel ma haka. Ka shiga saitin Gmail yau ɗin nan ka ɗaga lokacin janye saƙo daga daƙiƙa 5 zuwa 30, iyakarsa ke nan. Maɓallin dawo da saƙo na Outlook kuwa tsakanin 'yan ofis ɗaya yake aiki, abin da ya fita waje ya fita.

Maganar kuɗi a taƙaice: duk imel ɗin da ya zo yana cewa an canja lambar asusun banki, ko daga wa ya fito, kar a biya sai an kira mutumin a lambar da kuke da ita tun da, ba wadda ke cikin saƙon ba.

Faks kuma, wato injin tura hoton takarda ta layin waya, kar ka ce ya mutu, a Japan da Jamus da asibitocin Amurka har yanzu za a iya ce maka ka turo ta nan, duk da ma'aikatar lafiya ta Ingila ta hana asibitocin gwamnati sayen sabbin injina tun farkon 2019. Ba sai ka sayi inji ba, akwai kamfanonin da ke karɓar PDF ta intanet su tura shi zuwa lambar faks. Ka sa shafin farko mai ɗauke da sunan mai karɓa da yawan shafuka, rubutu baƙi a kan farar takarda da manyan haruffa, ban da alƙalamin nan mai haskaka layi don yana iya fitowa baƙi ƙirin a can. In da ƙananan lambobi ka zaɓi saitin da ya fi kaifi. Takardar shaidar da inji ke fitarwa ka adana ta, amma abin da take nufi inji ya karɓa, ba mutum ba, don haka ka kira ka tambaya ko shafukan sun cika.