Darasi na 9: Abin da Haƙuri Ba Ya Warkarwa

Karatu

A wani ƙauye kusa da Jega akwai wata mata mai sana'ar shinkafa. Takan sayi shanshera, ta turara, ta shanya, ta kai inji, sannan ta aika kasuwa. Wata ranar kasuwa mijinta ya karɓe cinikin duka. Da ta tambaye shi, sai ya rufe ta da duka har hannunta ya targaɗe. Ta yi yaji.

"Inna, wannan shi ne karo na uku."

"Ɗiyata, ki yi haƙuri. Mu ma haka muka zauna. Tashi ki koma ɗakinki tun mutane ba su ji ba."

Ba wanda ya kai ta asibiti. Ba wanda ya zaunar da mijin ya tambaye shi dalili. Da ya zo biko da goro, aka haɗa shi da matarsa.

Mu tattauna

Innar nan ba muguwa ba ce. Abin da aka gaya mata tana amarya shi ta gaya wa ɗiyarta. Haƙuri hali ne mai kyau, amma a nan mutum ɗaya aka ɗora wa shi, wadda aka daka. Wanda ya yi dukan ko tari ba a yi masa ba.

Daga ina wannan ya faro? Daga tsakar gidajenmu. Yaro ya mari ƙanwarsa, a ce "ai namiji ne". Ita ta rama, a ce ba ta da kunya. Shi ya tafi makaranta, ita a ɗora mata talla. Uba ya rasu, maza su riƙe gona su ce wa mata "taku tana wurinmu", shekara da shekaru ko damin gero ba su gani ba. Yaron da ya tashi a haka zai girma yana ganin mace kamar kayansa. Yarinyar kuwa ta tashi ba karatu, ba gona, ba jari, ranar da aka dake ta ba ta da inda za ta dafa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma mu ne muke tanƙwara su ta wannan fuska.

Kada wani ya laƙaba wa addini. Suratun Nisa'i ta umarci maza su zauna da matansu da alheri, ta kuma yanka wa mata rabonsu na gado. Dukiyar mace tata ce, miji ba ya taɓawa sai da yardarta. A ƙasar nan tamu, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi faɗa da malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Ɗiyarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa 'Yan Taru, tana tura malamai mata da ake kira jaji ƙauye-ƙauye su karantar da mata. Zamanku a wannan aji kan sawunsu yake.

Hukuma ma ta yi magana. A 2015 Nijeriya ta yi dokar hana cin zarafin mutane, Jihar Kebbi kuma ta yi irinta. A dokar, duka laifi ne ko da tsakanin miji da mata. Haka fyaɗe, da kaciyar mata, da korar mace daga gida da ƙarfi, da ƙwace mata abin hannunta. Kotu tana iya ba da umarnin kariya, ta hana mai cutar da ita kusantarta.

Idan abin ya faru

Asibiti ne farko, kafin sulhu, kafin komai. A karɓi takardar likita a adana. Idan fyaɗe ne, kada a yi wanka, kada a wanke tufafin, kuma a isa asibiti cikin awa 72, wato kwana uku, domin maganin kariya daga ƙanjamau ba ya aiki bayan haka. Gidaje da yawa suna cinye kwanakin nan wajen neman rufin asiri, alhali kunyar ta wanda ya aikata ce.

Daga nan a kai ƙara wurin 'yan sanda, ko ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma, ko Ma'aikatar Mata a Birnin Kebbi. Mai unguwa da liman suna iya sulhu kan saɓanin zaman aure. Fyaɗe da rauni kuwa sun wuce zaure. Maƙwabcin da ya ji ihu ta katanga ya ƙwanƙwasa ƙofa, ko ya kira wani babba su shiga tare.

Aikin aji

1. Ku kwafi wannan jimla sau uku: *Dukiyar mace tata ce.*
2. Awa 72 kwana nawa ne? Idan abu ya faru daren Talata, wace rana ce ta ƙarshe?
3. Ku zauna biyu-biyu. Ɗaya ta zama Inna, ɗaya ta zama ɗiya. Ku sake hirar, amma wannan karon Inna ta fara da: "Nuna mini hannun."