Yadda za ki ci moriyar fostin a wad ko da sista ba ta da lokacinki

Ƙannena ɗaliban jinya da aka sa wa hula za su fara fostin, wato zuwa koyon aiki a wad ɗin asibiti, da mace zan yi magana don su suka fi yawa a aji, amma maza ma ku ɗauka.

Kafin ranar farko ki fara rigakafin ciwon hanta nau'in B, allura 3 ce cikin wata 6, kar ki ce sai an samu lokaci. Kar ki mayar wa allura murfi bayan an yi amfani da ita, a nan ake yawan sokewa. In kuma ta soke ki to ki wanke da ruwa da sabulu ki faɗa wa mai kula da wad nan take, maganin kariya daga HIV cikin awa 72 ake fara shi, kuma gara a awannin farko.

Ki riga lokacin handoba isowa. Wannan zagayen da masu dutin dare ke yi gado-gado suna miƙa majinyata, wane bai yi barci ba, wance ƙarin ruwanta ya tsaya da asuba an canza mata kanula, wallahi ya fi lacca uku amfani. Ki riƙe ɗan littafi a aljihu. In an ce ki auna bugun jini ki ƙirga minti guda cur da agogo, na babba 60 zuwa 100 ne, numfashi 12 zuwa 20, kuma don Allah kar ki kwafi abin da na baya ya rubuta a folda, ana yi, kuma ana rasa rai ta haka.

To yanzu maganar sista, wadda ita ce ainihin makarantarki. Za ki same ta da majinyata cike da wad, ga 'yan jinya suna ta kira, ga likita yana jiran tiroli, ga ku kun zo ku goma kun tsaya a bakin ƙofa da fararen kaya. Koyar da ku ɗin nan ɗori ne a kan aikinta, galibi ba wani alawus da ake ba ta a kai. Wata ta shekara ashirin tana aiki, ita ke nuna wa sabon likita jijiyar jariri, amma da yake ba ta da digiri ƙarin girmanta yana kaiwa wani mataki ya tsaya cak, wanda ta koya wa ɗaura bandeji ya zo ya wuce ta. Ga jihohi da dama ba sa biyan cikakken CONHESS, wato tsarin albashin ma'aikatan lafiya, irin na asibitocin tarayya kamar na Malam Aminu Kano ko na Shika, aiki iri ɗaya albashi daban. Yajin aikin gargaɗin da ƙungiyar nas-nas da ungozomomi ta ƙasa, NANNM, ta shiga a ƙarshen Yulin 2025 ai kan irin waɗannan ne, alawus ɗin dutin dare da na yunifom da tsarin aikin nas-nas da aka amince da shi tun 2016 aka bar shi a takarda. Ni dai a ganina rashin adalci ne, ƙwarewa ma ya kamata ta samu farashinta. Ban ce hakan ya halatta mata ta yi miki tsawa gaban majinyaci ba fa, in abin ya zama cin mutunci ki kai wa malamin da ke duba ku daga makaranta.

Dabara ita ce ki rage mata aiki kafin ki nemi ilimi. Ki gaishe ta, ki ce sista me zan kama miki, ki gyara gado ki jera kayan wankin ciwo ba tare da an ce ki yi ba. Tambaya kuma a san lokacinta, ba tana tsakiyar raba magani ba. Dutin yamma da na dare sun fi, wad ya lafa, a nan za ta ce zo ki sa wannan robar fitsarin ina kallo. Ki kalla sau ɗaya ko biyu, ki yi a gabanta, abin da ba ki iya ba ki ce ban iya ba, magani kuwa kar ki taɓa bayarwa ke kaɗai.

Littafin sa hannu kar ki tara shi sai ana gobe jarrabawa ki dinga bin mutane. Ranar da kika yi aiki ranar za a sa miki hannu, don a jarrabawar gwajin aiki ta NMCN, hukumar da ke ba nas-nas lasisi, aikin hannunki za a kalla.

Kuma tun yanzu ki sa digiri a lissafinki. In RN za ki fita da shi, wato lasisin nas ba digiri ba, jami'o'i da yawa har da NOUN, jami'ar karatu daga gida, suna ɗaukar masu lasisi su yi digirin jinya na BNSc, ki fara da wuri kafin hidimar gida ta yi yawa. Ranar da kika samu aiki kuma ki karanta takardar da kyau ki ga matakin da aka ɗora ki, in akwai kuskure ki rubuta ƙorafi a watan farko ki ajiye kwafi.