Kurakuran da muke yi da hayaƙi da ƙura, musamman idan sanyi ya shigo

Duk shekara da zarar hazo ya sauko sai ka ji gari ya ɗau tari da mura da ƙaiƙayin ido, kowa yana cewa ai hunturu ne. Eh gaskiya ne, yawancin ƙurar nan daga wani kwari take tasowa a arewacin Chadi da ake kira Bodele, iska ta kwaso ta ta yi ta zuba mana daga wajen Nuwamba har Maris, wannan kam ba yadda muka iya da ita. Amma fa hayaƙin da ya fi cin mu a ƙirji mu muke haɗa shi da hannunmu a cikin gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wajen mutum miliyan 3 ke mutuwa duk shekara saboda gurɓatacciyar iskar cikin gida, yawanci daga girki da itace da gawayi da kananzir.

Babban kuskure, wanda ke kashe mutum a dare ɗaya, shi ne kaskon gawayi a ɗaki. Mutane sun ɗauka idan garwashi ya ruru ya yi ja hayaƙi ya ɗauke to shi kenan ba matsala, sai a shigo da shi a rufe ƙofa a toshe taga da tsumma a kwanta. To a nan haɗarin yake. Gawayi yana fitar da wata iska mai suna kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, kuma jini yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar oksijin sau sama da 200, wato kana numfashi lafiya lau amma jikinka ba ya samun abin da yake buƙata. Wata maƙwabciyarmu ta taɓa yin haka da yaranta uku, da asuba mijin ya yi ta buga ƙofa shiru, da aka buɗe duk sun yi laushi, ƙaramin ya yi amai a kan filo, ita kuma tana son tashi ƙafa ta ƙi ɗaukarta. Allah ya sa da sauran kwana. Abin da ya ban mamaki har yamma ana gardama a tsakar gida, wasu na cewa miyar jiya ce, wata tsohuwa ta dage iskokai ne, kaskon kuwa yana nan a bayan ƙofa ba wanda ya kalle shi.

Alamar ba ta da wuyar ganewa: mutanen ɗaki ɗaya su tashi da ciwon kai da jiri da tashin zuciya lokaci guda, kuma da an fita waje a fara jin dama-dama. Kar a ce maleriya ce a aika kemis. A buɗe ko'ina, a fito da kowa fili, a wuce asibiti don oksijin ake buƙata. Kuma dan Allah a daina ɗura wa wanda ya suma manja ko madara, ba cikinsa gubar take ba, ƙarshenta ma ya shaƙe. In ana jin sanyi a ji ɗumin a waje ko a ƙara bargo, kasko dai kar ya kwana a ɗaki.

Janareta ma kanwar ja ce, iskar ɗaya ce. Nepa ta ɗauke wuta, ana tsoron ɓarayi, sai a ja shi zaure ko baranda ko ƙarƙashin bene a kunna a kwanta da fanka. Wani ya ce ai na bar ƙofar zauren a buɗe. Bai isa ba wallahi. Masana suna cewa a ajiye shi a fili aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, bakin salansa ya kalli wani wajen, kuma ka duba kar ka juya shi ga tagar maƙwabcinka, shi ma yana da yara. In ɓarawo kake tsoro kai wa mai walda ya yi maka keji da sarƙa, ya fi sauƙi.

Tunda na ambaci madara, akwai wannan al'adar ta masu fenti da masu walda da masu injin niƙa, a wuni cikin ƙura da hayaƙi da yamma a fasa gwangwanin madara a shanye wai tana wanke ƙirji. Madara ciki take tafiya, ƙura kuma huhu ta shiga, hanyar ma ba ɗaya ba ce. Sha abinka don abinci ce mai kyau, amma kuɗin ya fi amfani a takunkumi. Shi ma takunkumin ba kowanne ba, na yadi da shuɗin nan da muka saba tun lokacin korona galibi manyan ƙura suke tarewa, ƙananan da suka fi illa, waɗanda ake kira PM2.5, sun fi silin gashi ƙanƙanta wajen sau 30, ta gefe suke wucewa su isa can cikin huhu har jini. Takunkumin da ake kira N95 shi ne mai tare su, shi ma sai ya zauna daram a hanci, ba a rataye a haɓa ba.

Kuma kar a shigo gida da kayan aiki a kakkaɓe a gaban yara. Abin da ya faru a Zamfara a 2010 ke nan, ana daka dutsen zinare a cikin gidaje, ƙurar mai gubar dalma ta kashe yara sama da 400.

Sai ƙona shara. Magariba ta yi kowane lungu ya turnuƙe, leda da robar ruwa da tsofaffin silifas da famfas duk a wuta ɗaya, kuma da sanyi hayaƙin ba ya tashi sama, kwanciya yake a unguwa daidai lokacin da yara ke dawowa daga Islamiyya. Mun ɗauka tsafta muka yi. Hayaƙin roba yana ɗauke da guba da ake dangantawa da ciwon daji, tokar kuma ruwan sama ya wanke ta zuwa kwata da gonaki. A ware mana, ɓawon kayan miya da ganye su tafi taki, robobi da ƙarafa 'yan jari bola za su saya ma, abin da ya rage kaɗan ne. Masu babbaka da taya kuwa ni na daina sayen gandarsu.

A kicin, tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya yi tsada gidaje da yawa sun koma itace da gawayi, ba laifin kowa ba ne. Amma uwar gida, hura wuta da leda ki bar shi, ɗanyen ice ma ki shanya ya bushe tukuna don shi ne mai tuƙa, kuma ki sauke goyon nan kafin ki sunkuya kan murhu. Jariri ya fi ki saurin numfashi, huhunsa bai gama ƙwari ba, ciwon nimoniya kuma yana cikin manyan masu kashe yara ƙanana. In da hali a yi girkin a fili.

Turaren wuta, na san zan sha suka a wurin mata, amma hayaƙi ne shi ma duk ƙamshinsa. Ɗakin mai jego a rufe, ga kasko ga turare ga maganin sauro na kunnawa har gari ya waye, sannan a ce yaro ya gaji asma a dangin uba. A turara ɗakin lokacin da yaron ke waje, a buɗe taga ya sha iska kafin a dawo da shi, da dare kuma a saukar da gidan sauro. Mai shara ma ta yayyafa ruwa kafin ta sa tsintsiya, ko da na wanke-wanke ne.